Wai da gaske benen Bank of China wuƙa ce aka ɗora wa maƙwabta a wuya?

Alhajin Kwari: Salamu alaikum jama'a. Zuwana Guangzhou sarin kaya wannan karon na ɗan leƙa Hong Kong kwana biyu, wanda ya zaga damu ya nuna min dogon benen nan na Bank of China mai kusurwa-kusurwa yace da gangan aka ƙera shi kamar wuƙa, kaifi ɗaya na kallon bankin HSBC ɗaya na kallon gidan gwamnan Turawa, wai don a karya musu arziki kafin Ingila ta miƙa garin a 1997. Su kuma HSBC suka rama da igwa biyu a kan rufinsu. Ni dai wlh na ga igwan da idona.

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji, barka da dawowa. Amma gsky an sayar maka da labarin 'yan yawon buɗe ido ne. Abin da ka gani injin ƙugiya ne na masu gyara da wanke gilashi. Shi kuma benen Bank of China iska ce ta ba shi wannan siffar, garin nan mahaukaciyar guguwa ke dukansa duk shekara, ga gini hawa 70 da ɗoriya, mita 315 zuwa rufi, 367 in ka haɗa da sandunan nan biyu na sama. Injiniyansa Leslie Robertson, wanda yayi aikin tagwayen benayen New York, sai ya ɗaure ginin da ƙarafa a gicciye ta yadda nauyin duka ke gangarowa kan ginshiƙai huɗu na kusurwa, shiyasa ma bai ci ƙarfe kamar sauran benaye tsaransa ba. Lissafi ne zalla.

Alhajin Kwari: Toh Injiniya lissafin ne ya kashe gwamnan? An ce min gwamna ya mutu fa

Malamin Tarihi: Allah gafarta Alhaji, gwamnan da ake nufi Edward Youde ne, kuma a Beijing ya rasu cikin Disambar 1986 da ciwon zuciya. A 1985 aka fara aikin benen, sai Mayun 1990 aka buɗe shi. Wuƙar da ba a gama ƙerawa ba ita ce ta yanka mutum yana wani gari?

Hajiya 'Yar Dubai: Hhhh Malam ka gama da shi. Amma ku tsaya fa, kar ku raina abin. Fung shui, wato imanin cewa yadda gini ya zauna da inda yake kallo na jawo sa'a ko tsiya, a wajen mutanen can ba wasa bane, mutum zai fasa kama shago sukutum don an ce ƙofar na kallon kusurwar wani gini. Su HSBC ɗin duk da Bature ne ya zana musu, Norman Foster, ai sai da suka kira masu duba, har matakalar nan mai tafiya da kanta a karkace aka kafa ta saboda shawararsu, ƙasan ginin kuma a buɗe yake fayau kowa ratsawa yake. To me ya hana Bank of China yin haka? Wanda yaƙi tambaya a garin da kowa ke tambaya ai da magana a bakinsa

Injiniya: Hajiya ai bankin gwamnatin kwaminisanci ne, a hukumance camfi suke ɗaukar wannan harkar, ba za a gansu suna kiran mai duba ba. Kuma shi mai zanen I. M. Pei da bakinsa yace gora ya kwaikwaya, yadda take tsirowa gaɓa-gaɓa tana yin sama, alamar bunƙasa ce a wajensu. Ku duba hoton da kyau, ginshiƙai huɗu ne masu kusurwa uku kowanne ya tsaya a tsayi daban, ɗaya ne kawai ya kai ƙololuwa.

Hajiya 'Yar Dubai: Amma ai sun ji tsoro da aka zo maganar X

Injiniya: Wannan kam gaskiyarki. Zanen farko ƙarafan sun fito kamar manyan X a jikin ginin, su kuma X alamar sokewa ce, irin wadda ake yi kan sunan wanda aka yanke wa hukuncin kisa. Sai Pei ya ɓoye ƙarafan kwance, abin ya koma kamar lu'ulu'u a jere. To ni wannan ma hujjata ce, mutumin da ya gyara zane don kar ya tsorata jama'a shi ne zai zauna ya ƙera musu wuƙa?

Ɗan Auta: Yaya Injiniya ni tambaya ɗaya, in ba komai me yasa Tung Chee-hwa, shugaban Hong Kong na farko bayan Turawa, yaƙi tarewa a gidan gwamnan bayan 1997?

Malamin Tarihi: Bai tare ba, haka ne ƙanena, kuma mutane sun ta danganta shi da fung shui. Sai dai gida ne na 'yan mulkin mallaka, sabon shugaba na da dalilin siyasa na ƙin kwana a gadon Bature. Wanda ya gaje shi Donald Tsang ai ya tare. Ni a ganina duk kun kewaye wurin da maganar take. Gasa an yi ta, amma ta tsayi ce. HSBC sun gama nasu a 1985, hawa 47, kusan mita 180, dala biliyan 5.2 na Hong Kong, lokacin ba ginin da ya kai shi tsada a duniya. Shekara ɗaya kafin nan aka sa hannu kan yarjejeniyar mayar da garin hannun China. Sai ga bankin Beijing ya zo kusa dasu ya ninka su tsayi da kuɗin da bai kai nasu ba, ya zama na farko a wajen Amurka da ya haura ƙafa 1,000. Kuma ba kowa suka ɗauko ba, Pei haifaffen Guangzhou ne, babansa ya taɓa riƙe reshen wannan bankin a Hong Kong. Saƙon ai ya isa ko ba asiri, sabon maigida ya iso.

Alhajin Kwari: To ai maganata kenan Malam! Kun dai canza mata riga

Malamin Tarihi: A'a Alhaji, nuna isa daban, jifa daban.

Hajiya 'Yar Dubai: Ni dai har yanzu igwan nan ne ban gane ba, duk faɗin sama ace injin wanke gilashi bai tashi kallon ko'ina ba sai maƙwabci

Injiniya: Juyawa yake Hajiya, duk inda aiki yake nan yake kallo

Alhajin Kwari: Ranar da naje dai can yake kallo. Bari in nemo hoton a ɗaya wayar