Ɗalibi mai horon sanin makamar aiki a Abuja yana neman shawara

Ɗan Azare ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗalibi ne da ke karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a, kuma na zo Abuja domin horon sanin makamar aiki na wata shida, wato shirin SIWES da ake wajabta mana kafin shiga ajin ƙarshe. Baffana ne ya yi mini hanya na samu gurbi a sashen kwamfuta na wata ma'aikatar gwamnatin tarayya da ke tsakiyar birni, kuma a gidansa nake zaune a Mararraba tare da iyalinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne tun da na fara zuwa ofis ba a ba ni wani aiki da ya shafi karatuna ba. Ina isa in gaida kowa in zauna, sai dai a aike ni in yi fotokwafi, ko in kai takarda wani ofishi, ko in sayo wa wani abinci. Littafin logbuk da ya kamata in riƙa cikewa da abin da na koya kullum yana nan kusan babu komai a ciki, kuma ba na son in rubuta abin da ban yi ba. Ga kuma wahalar hanya, domin ina fita da an sallame sallar asuba, ba na komawa gida sai bayan magariba, wani lokaci sai an yi isha'i, kuma kuɗin da mahaifina ke turo mini na wata yana ƙarewa a kuɗin mota tun kafin wata ya yi nisa. Ban saba da garin da mutum zai yi sallama a amsa masa da ka kawai ba, shi ya sa kewar gida take yawan kama ni.

Ina roƙon waɗanda suka san garin nan da aikin gwamnati su ba ni shawara: in yi haƙuri in ƙarasa a inda nake, ko in nemi wani wuri? Kuma yaya masu ƙaramin ƙarfi suke yi da wannan hanya ta Mararraba?

Tsohon Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka ƙi rubuta ƙarya a littafinka, ka riƙe wannan hali. Na yi aikin gwamnati tun ana Legas, ina cikin waɗanda aka kwaso zuwa Abuja bayan an mayar da fadar gwamnati nan a ranar 12 ga Disamba, 1991, kuma ɗalibai irinka da yawa sun zauna a gabana, saboda haka bari in faɗa maka abin da ke faruwa a zuciyar waɗanda ke ofishin nan naka.

Ba ƙiyayya ba ce ta sa suka ƙyale ka. Ma'aikacin gwamnati yana yin rantsuwar riƙe sirri, kuma idan fayil ya ɓata ko bayani ya fita, shi za a tuhuma, ba ɗalibin da zai tafi bayan wata shida ba. A sashen kwamfuta abin ya fi tsanani, domin ta nan ake taɓa bayanan ma'aikata da suka shafi tsarin biyan albashi na IPPIS da sauran manhajojin kuɗi, kuma babu mai hankalin da zai ba baƙo lambar sirrinsa ta shiga. Sannan yawancin ma'aikatu suna karɓar ɗalibai ne saboda wani ya yi magana, ba don sun tsara musu abin da za su koya ba. Idan ka zauna kana jiran a kira ka a koya maka, wata shidan za su ƙare kana jira.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka daina kallon darakta da mataimakansa, ka nemo wanda ainihin aikin yake hannunsa. A kowane sashe akwai wani ma'aikaci, galibi mai matakin albashi na 8 ko na 9, wanda shi ake kira idan firinta ta ƙi aiki, ko intanet ya yanke, ko kwamfutar sakatariya ta ƙi tashi. Ka liƙe masa cikin ladabi, ka ɗauki jakar kayan aikinsa, ka bi shi ofis-ofis, ka kalli abin da yake yi, ka tambaye shi bayan an fito ba a gaban mutane ba. Ba za a daɗe ba zai fara cewa je ka duba kafin in zo, kuma daga ranar littafinka ya samu abin rubutawa.

Ka kuma yi abota da mutanen rajista, inda ake ajiye fayiloli. Matasa suna raina wurin, alhali duk takardar da ta shigo ma'aikata ta nan take bi, kuma a nan za ka fahimci yadda wasiƙa ke tashi daga teburin akawu ta hau har gaban babban sakatare, da yadda kowa ke rubuta ra'ayinsa a kai kafin ta sauko. Ofishin Shugaban Ma'aikata ya daɗe yana matsa wa ma'aikatu su bar takarda su koma aiki da kwamfuta, kuma ɗan kwamfutar da ya san yadda fayil na takarda ke tafiya ya fi wanda bai sani ba amfani nesa ba kusa ba. Ko kai takardar da kake ganin wulaƙanci ce, ita ce za ta sa ka san ƙofar kowane ofishi da sunan mai shi. Sayo abinci kuwa ba aikinka ba ne, amma kada ka ƙi da baki; idan ka samu abin yi, aiken zai ragu da kansa.

Maman Hanan ta amsa:

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Baba ya gama magana a kan ofis, ni kuma zan tsaya a kan hanya, domin na zauna a Mararraba lokacin da nake hidimar ƙasa, yanzu kuma ina Kubwa, kuma har gobe da motar haya nake zuwa aiki.

Ka fara sanin cewa wahalar nan ba ta kai kaɗai ba ce. An zana birnin ne da unguwanni irin su Maitama, Asokoro, Wuse da Garki, waɗanda kuɗin hayarsu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, kuma rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 sun ƙara tura talakawa bayan gari. Shi ya sa masu yi wa Abuja aiki suke kwana a Nyanya, Karu, Kubwa, Lugbe, Dutse Alhaji, Gwagwalada, har da Suleja ta jihar Neja da Mararraba da Masaka ta jihar Nasarawa, duk su fito lokaci guda su nufi wuri guda. Ku kuma hanyarku guda ce tal, ta Keffi, wadda ke bi ta Nyanya da Kugbo ta faɗa mahaɗar AYA da ke Asokoro, kuma tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a idan hanya a buɗe take tana iya cin sa'a biyu da safe. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya ninka, ba a kuma yarda acaɓa ya shiga tsakiyar birni ba tun 2006, don haka babu wata gajeriyar dabara.

Abu na farko da za ka yi gobe shi ne ka tambaya ko ma'aikatarku tana da bas ɗin ma'aikata mai bin hanyar Nyanya, domin ma'aikatu da dama suna da shi, kuma sau da yawa ana barin 'yan hidimar ƙasa da ɗalibai su shiga kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan babu, ka bincika a masallacin ofis ko na unguwarku wane ne ke da mota yake zuwa Sakateriyar Tarayya kullum, ku daidaita ka riƙa ba shi wani abu na mai a mako. Ya fi arha, ya kuma fi aminci. Abinci kuwa ka riƙa tafiya da shi daga gida a kula, ka sayi garin kwaki da ƙuli-ƙuli da suga ka ajiye, domin cin abincin rana a tsakiyar birni kullum yana iya cinye abin da ya kai kuɗin motarka.

Maganar da nake so ka riƙe da hannu biyu ita ce ta 'yan wan-cans, ɓarayin da ke yawo da mota kamar ta haya, abokan aikinsu na zaune a ciki kamar fasinjoji. Suna ɗaukar mutum su ƙwace waya, su tilasta masa ya tura kuɗin da ke asusunsa, wasu ma su wurgo shi daga mota tana gudu, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Kada ka tsayar da mota a bakin titi inda babu jama'a, musamman da asuba ko bayan magariba. Ka hau a tasha ko inda ake lodi a gaban kowa, ka guji mota mai baƙin gilashi, kuma idan zuciyarka ba ta kwanta da fuskokin da ke ciki ba, ka bar ta ta wuce ko da za ka makara.

Batun sallama kuwa, mutanen garin nan ba miyagu ba ne, gajiya ce da sauri suka yi musu yawa. Ka je Masallacin Ƙasa ranar Juma'a tunda yana kusa da ku, ka kuma nemi ƙungiyar 'yan jiharku ko ta ɗaliban makarantarku da ke horo a nan, za ka ga kewar ta ragu.

Injiniya Gwarinpa ya amsa:

Ina girmama maganar Baba, kuma duk abin da ya faɗa game da halin ofis gaskiya ne, amma ina da ɗan bambancin ra'ayi. Asusun horar da ma'aikata na gwamnatin tarayya, wato ITF, ya ƙirƙiro SIWES a 1973 ne saboda masu ɗaukar ma'aikata suna kukan cewa ɗalibai na fitowa daga makaranta ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Manufar ita ce hannu ya taɓa aiki. Gyaran firinta da sanin hanyar fayil suna da amfani, sai dai ɗalibin kimiyyar kwamfuta yana bukatar ya ga yadda ake rubuta manhaja, ko haɗa kwamfutoci a kan layi ɗaya, ko kula da rumbun bayanai, kuma a ma'aikatu da yawa irin wannan aiki 'yan kwangila ake ba, ko kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone ne ke kula da shi. Zai yiwu ɗan'uwanmu ya yi ladabin duniya amma aikin da yake nema babu shi a ginin.

Shawarata, ƙanena, ka gwada hanyar Baba da gaske na mako uku ko huɗu. Idan ka ga ba abin da ya sauya, akwai ƙananan kamfanonin manhaja da na intanet a Wuse 2, Jabi, Utako da Gwarinpa waɗanda ma'aikatansu ba su da yawa, saboda haka duk wanda ya shigo sai an ɗora masa aiki. Ka je da kanka da takardar makaranta da wani ɗan abu da ka taɓa haɗawa, komai ƙanƙantarsa. Sai dai kada ka sauya wuri a ɓoye. Ka sanar da ofishin SIWES na makarantarku a rubuce, domin malamin da za a turo duba ka adireshin da ka bayar zai bi, kuma wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa ne zai sa hannu a logbuk da Fom 8, takardar kammala horo ta ITF, a ƙarshe. Kada kuma ka sa alawus ɗin ITF a lissafin kuɗin motarka, domin kaɗan ne kuma ba ya zuwa da wuri.

Ɗan Azare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Anti da Yaya Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na gane ma'aikacin da Baba yake nufi, domin akwai wani da kowa ke kira idan abu ya lalace, kuma da shi zan fara. Zan kuma tambayi maganar bas. Abin da ya rage mini shi ne nauyin Baffa, domin shi ya roƙi wani abokinsa aka ɗauke ni, kuma ina tsoron idan na ce zan sauya wuri ya ga kamar na raina ƙoƙarinsa, alhali ina cin abincin gidansa.

Tsohon Akawu ya sake amsawa:

Injiniya ya faɗi gaskiya, ya kuma fi ni sanin fanninku, don haka ban ƙi wa'adin da ya yanka ba. Game da baffanka, ɗana, kada ka bari sai ranar da ka yanke shawara sannan ya ji. Tun yanzu ka same shi bayan sallar isha'i idan ya huta, ka buɗe masa littafin ya ga shafukan da babu komai, ka gaya masa cewa da wannan littafi za a ba ka maki, sannan ka tambaye shi yadda yake ganin za a yi. Idan ka shigo masa ta neman shawara, zai iya kiran abokin nasa a mayar da kai wani ɓangare mai aiki a cikin ma'aikatar, ko shi da kansa ya ce ka nemi wani wuri, kuma ko wanne aka yi mutuncinsa a wurin abokinsa bai taɓu ba. Idan tafiyar ta tabbata, ka je ka yi wa shugaban sashe sallama da godiya, ka bar takardar sanarwa a rajista.

Ka kuma lura da matar gidan, domin ita ce nauyinka ya fi hawa kanta. A Mararraba gidaje da yawa sayen ruwa suke yi a wurin 'yan garuwa, kuma ƙarin mutum ɗaya a gida ƙarin jarka ne da ƙarin awo. Ranar Asabar ka wanke kayanka da kanka, ka taya yaran aikin makaranta, idan mahaifinka ya turo kuɗi ka sayo ko burodi ne ka shigo da shi. Idan ka yi magana da baffan naka, ka dawo ka faɗa mana yadda kuka yi, da abin da aka ce maka game da bas ɗin.