Allona ne, ina ruwan hukuma?

Mai kemis: Salamu alaikum jama'a. Shagona yana can cikin lungu bayan gidan mai, baƙo ba ya ganinsa. Jiya da safe na kafa allo mai kibiya a bakin titi. Kafin la'asar an tumɓuke shi, simintin ma bai gama bushewa ba, wai ba ni da izini. Ƙarfena ne, fentina ne, sunana ne a jiki. Ni a ganina ba ruwan gwamnati da allon ɗan kasuwa.

Tela: Gaskiyarka Alhaji. Kuɗin shiga kawai suke nema.

Malama mai tsara gari: Alhaji, sannu da asara. Amma allon ne naka, wurin da ka kafa shi ba naka ba ne. Tsakanin kwalta da layin gine-gine hurumin titi ne, nan kwata take, nan mai tafiya a ƙasa yake raɓawa. Allo a kan kwana yana tare wa mai adaidaita ganin abin da ke tahowa. Kuma ba son rai ba ne: jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kula da allunan talla cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Jihar Legas ma tun 2006 ta kafa hukumar LASAA don wannan aiki kaɗai.

Tela: Yauwa Malama, anan gizo ke saƙar. In na ƙaramar hukuma ne, me ya kawo jiha? Wannan ya zo da rasit, wancan ya zo da nasa, allo ɗaya tal.

Malama: Wannan kam ina tare da kai. Amma rikicin wa zai karɓa daban, cewa kada a tsara sam daban.

Ɗan Bronx: Ku gode Allah. A nan New York, inda Bronx take, a 2018 an yi ta cin masu shago tarar dala 6,000 kan allon da ya shekara da shekaru a goshin shago ba takarda. Sai da 'yan kasuwa suka tada jijiyar wuya majalisar birni ta dakatar da tarar a 2019. Sai dai a nan akwai ƙofar neman sassauci. Ka rubuta, a sanar da maƙwabta, a yi zama a bainar jama'a, ka nuna cewa yanayin filin ne ya cuce ka, ba kai ka jawo wa kanka ba. Kuma iya abin da zai warware matsalar za a ba ka, ba ƙari.

Mai kemis: To ai ni ke nan! Ni na gina lungun?

Malama: Ba kai ka gina ba, amma ido buɗe ka kama haya a ciki, kuma na tabbata kuɗin hayar bai kai na bakin titi ba. Sannan sassaucin da ƙanenmu yake faɗa a kan filin mutum ake yinsa, ba a kan titin jama'a ba.

Hajiya mai abinci: Alhaji, mu shida ne fa a lungun nan. In kowa ya dasa kibiyarsa, ta ina mai kura zai shigo mana da ruwa? Mu haɗa kuɗi, allo guda mai suna shida, mu roƙi mai gidan kwana a manna a katangarsa, mu nemi takarda ɗaya.

Mai kemis: Sunan wa zai hau sama, Hajiya?

Tela: Ka fara zuwa ka karɓo ƙarfenka tukuna, kafin ya koma murhu.