Matatar tukunyar dafa giya a gida tana toshewa: ƙarin raga zai magance matsalar?

Ɗan Filato a Jamus ya rubuta:

Ina gaishe ku baki ɗaya, manya da ƙanana. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni shiga harkar dafa giya a gida daga ainihin tsiron sha'ir, ba daga ruwan tsiro na gwangwani ba. Tukunyata irin ta lantarki ce mai ɗaukar lita 30, tana da kwandon ƙarfe da ake zuba tsiro a ciki, da famfo a gindi wanda yake zagayawa da ruwa, da kuma bututun sanyayawa da dafaffen ruwan yake bi kafin ya sauka cikin bokitin tsimi. A bakin famfon, daga cikin tukunya, akwai 'yar matata ta ƙarfe mai ƙananan huji, kuma ita ce take hana ni sakat.

Idan giyar mai sauƙin ɗaci ce, wadda furen hof ɗinta, wato furen da yake ba giya ɗaci da ƙamshi, bai wuce giram 50 ba, aiki yana tafiya lafiya lau. Amma duk lokacin da na dafa irin IPA, wato giya mai yawan ɗaci da ƙamshi, inda hof ɗin yakan kai giram 150 ko fiye, da zarar na kashe wuta na fara juye ruwan sai famfon ya fara nishi, ruwan ya koma ɗigo, daga baya ya tsaya cik, alhali akwai sauran lita da yawa a tukunya. Idan na leƙa sai in tarar koren tuwo ya lulluɓe matatar gaba ɗaya. Akwai kuma matsala ta biyu da nake fuskanta idan na sa tsiron alkama da yawa: ruwan yakan ƙi ratsa hatsin a lokacin jiƙo, ya taru a sama, ya riƙa malala ta bututun tsakiya ba tare da ya taɓa tsiron ba.

Abin da nake tunani shi ne in sayi dogon kwandon raga da ake ratayawa a bakin tukunya a zuba hof a ciki, mai ido maikiron 300 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), ko faifan ƙarfe mai huji da ake shimfiɗawa a gindi, ko kuwa in naɗe matatar da nake da ita da raga mai ƙananan ido. Wanne ya fi dacewa a cikinsu?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Na ukun nan ka cire shi daga lissafi tun yanzu, domin matatar da ta toshe da manyan huji ba za ta buɗe ba don an ƙanƙanta mata ido. Toshewar ce kawai za ta zo da wuri. Ya kamata mu fara duba abin da yake cikin tukunya a ƙarshen tafasa. Hof ɗin da yawancinmu muke saya niƙaƙƙe ne da aka matse ya zama ƙwayoyi, kuma yana shiga ruwan zafi sai ya warware ya koma gari, ya sha ruwa ya kumbura. Ban da shi akwai furotin na tsiro da zafi ya dunƙule, wanda yake yawo kamar tsumma a cikin ruwan. Haɗuwar waɗannan biyun ita ce koren tuwon da kake gani, kuma ba a ƙera wannan 'yar matata don ta tare shi duka ba. Aikinta shi ne kare famfo daga ragowar da ta kuɓuce, saboda haka dabarar ita ce a hana yawancin lakar isa wurinta.

Hanyar da manyan kamfanoni suke bi ita ce juya ruwan har ya yi guguwa, sannan a bar shi ya kwanta. A kamfanin Molson na Kanada aka fara amfani da wannan dabara wajen 1960, amma tun 1926 Albert Einstein ya bayyana dalilinta: idan ka motsa shayi a kofi, ganyen yakan taru a tsakiyar gindin kofin maimakon gefe, domin ruwan da yake gogar gindi yana tafiya a hankali, sai ya riƙa jan abin da ya nutse zuwa tsakiya. A tukunyarka, bayan ka kashe wuta, ka sa muciyar ƙarfe mai tsabta ka juya ruwan ta fuska ɗaya na minti ɗaya ko biyu, kana kiyaye kada muciyar ta kai gindi ta tuɓe matatar daga mazauninta, domin idan ta fita a cikin ruwa mai zafin kusan digiri 100 babu hannun da zai mayar da ita. Daga nan ka rufe, ka ba shi minti 15 zuwa 20. Lakar za ta yi tudu a tsakiya, bakin famfo kuwa a yawancin irin waɗannan tukwane yana gefe.

Abu na biyu, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi, shi ne yadda ake buɗe famfon. Idan ka buɗe shi gaba ɗaya tun farko, ƙarfin zuƙa zai rushe tudun, ya manna lakar a jikin matata ya danne ta. Ka fara da makunnin ruwan a rabi ko ƙasa da haka. Bututun sanyayawa ma ya fi aiki idan ruwan yana tafiya sannu. Haka kuma, zagayawar da ake yi da tafasasshen ruwa don kashe ƙwayoyin cuta a cikin bututun, ka yi ta kafin ka zuba hof mai yawa na ƙarshe, ba bayansa ba. Idan duk da haka ya toshe, ka kashe famfon na ɗan lokaci domin ruwan da yake cikin bututu ya koma baya ya sassauta lakar, ka kankare jikin matatar a hankali, sannan ka kunna. Kada ka hura bututun da baki. Lita ɗaya ko biyu da za su rage a gindi kuwa, ka sa su cikin lissafin ruwanka tun farko, ka haƙura da su.

Uwar Tsiro ta amsa:

Ƙanena, Injiniya ya gama da maganar tafasa, ni kuma zan taɓa matsalarka ta biyu, domin babu wata raga ta kanti da za ta warware ta. A lokacin jiƙo, matata ta gaskiya ita ce ɓawon sha'ir ɗin kansa. Shi ne yake shiga tsakanin gari ya bar ƙananan hanyoyi da ruwa zai bi, faifan ƙarfen da yake ƙasan kwando kuwa tallafe hatsin kawai yake yi. Alkama ba ta da wannan ɓawo bayan an sussuke ta, ga kuma yauƙi, saboda haka idan ta kai rabin hatsin, kamar yadda ake yi a farar giyar yankin Bavariya na Jamus, dole hanyoyin ruwa su ragu.

Mu da muka tashi muna ganin ana dafa burukutu mun san wannan tun kafin mu ga tukunyar lantarki. Dawa ma ba ta da irin ɓawon sha'ir, shi ya sa mai burukutu ba ta jiran ruwa ya ratsa hatsi da kansa, sai dai ta tace ta matse, kuma abin da ya fito ɗin ma da kaurinsa ake shansa. Kamfanonin giya na Nijeriya sun ci karo da wannan matsala lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, suka koma ga dawa da masara, kuma tacewa tana cikin abubuwan da suka fi ba su wahala.

Maganin mai arha ne: ɓuntun shinkafa. Shagunan kayan dafa giya suna sayar da shi a tsabtace, ba ya ƙara ɗanɗano, ba ya ba da sukari, gurbin ɓawon da babu kawai yake cikewa. Kimanin kashi 5 cikin ɗari na nauyin hatsi ya isa, wato giram 250 a kilo 5, ka ɗauraye shi da ruwan zafi, ka cuɗa shi da tsiron tun yana bushe. Sannan ka duba barzarka. Irin wannan tukunya ta fi son tsiron da aka barza da ɗan girma, tazarar abin barza wajen milimita 1.2 zuwa 1.4, ƙwaya ta fashe amma ɓawo ya fito kusan cikakke. Bayan ka zuba tsiro ka motsa, ka bar shi minti 10 ya sha ruwa kafin ka kunna famfo, kuma kada ka danna faifan sama da ƙarfi. Idan an gama jiƙo a digiri 65 zuwa 67, ka ɗaga zafin zuwa wajen 76 kafin ka ciro kwandon, domin ruwan sukari ya fi tsinkewa da zafi. Akwai wata riba a nan da ta shafi matsalarka ta farko: duk garin da ya tsere daga kwando, ko dai ya kwanta a kan ƙarfen zafi ya ƙone ya sa giya ƙauri, ko ya jira ƙarshen tafasa ya haɗu da hof a bakin matatar.

Mai Kwalabe ya amsa:

Da izinin Injiniya, ina ganin bai yi wa kwandon raga adalci ba da ya yi shiru a kansa. Guguwa tana aiki sosai a tukunya mai faɗin gindi, amma waɗannan namu dogaye ne matsattsu, kuma idan hof ya doshi giram 200, tudun yakan bazu ya kai gefe da zarar ruwa ya yi ƙasa. A irin wannan giya ni ina amfani da kwandon, sai dai a san farashinsa. Ruwan da yake cikin raga ba ya tafasa da ƙarfi kamar na waje, idon ragar kuma yana cikewa da furotin, saboda haka ɗaci da ƙamshin da suke fita suna raguwa. Mai ido 300 ya fi saurin cikewa; akwai masu 400, akwai ma masu 800, kuma na fi son mai faɗin ido ko da ɗan gari zai tsere. Abin da nake yi shi ne in zuba hof na ɗaci, wanda ba shi da yawa, kai tsaye cikin tukunya, in sa mai yawan na ƙarshe a raga, ina motsa shi ina ɗaga kwandon lokaci zuwa lokaci don ruwan ciki ya sauya.

Faifan gindi kuwa ya fi dacewa da cikakken fure wanda ba a niƙa ba, domin furannin suna kwanciya a kansa su zama shimfiɗar tacewa, kuma tunda kana Jamus, ƙasar da yankin Hallertau mai noman hof yake, samunsa ba zai yi maka wuya ba, ko da yake yana shan ruwa fiye da ƙwayoyin. Kafin ka biya kuɗin kowane ɗaya ka auna faɗi da zurfin tukunyarka, domin tukwane irin su Grainfather ta Niyuzilan da BrewZilla ta Ostareliya da Braumeister ta Jamus kowacce da tsarin gindinta, kuma kayan wata ba lallai ya zauna a wata ba.

Ɗan Filato a Jamus ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Injiniya, da Yaya, da ɗan'uwa Mai Kwalabe. Zan fara da ɓuntu da guguwa, in dakata da sayen raga sai na ga sakamako. Saura tambaya ɗaya. Tunda wasu gari za su riƙa wucewa zuwa bokitin tsimi, shin ba zai fi ba in tace giyar da matata mai maikiron 1, irin ta ruwan sha, kafin in ɗura a kwalba? Ina son ta fito garau.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Na karɓi gyaran Mai Kwalabe game da matsattsiyar tukunya, gaskiya ya faɗa. Game da sabuwar tambayarka kuwa, ɗan garin da ya wuce zuwa bokiti ba abin damuwa ba ne, zai kwanta tare da yis idan tsimi ya ƙare. Matata mai maikiron 1 kuma ba ta dace da mai ɗurawa a kwalba ba. Girman ƙwayar yis yana tsakanin maikiron 5 zuwa 10, wato matatar za ta kwashe kusan dukkansa, alhali shi ne zai ci ɗan sukarin da kake ƙarawa ya samar da iskar da take sa giya kumfa. Idan babu shi, giyar za ta fito lami. Masu amfani da irin wannan matata suna da tankunan ƙarfe biyu da tulun iskar kabon, suna tura giyar daga wannan zuwa wancan ba tare da ta haɗu da iskar waje ba. Wanda ya gwada haka da bokiti da tiyo zai cusa wa giyarsa iskar oksijin, kuma IPA ce ta fi kowace giya saurin lalacewa da ita: launi ya dushe, ƙamshin hof ya gudu cikin 'yan makonni.

Idan haske kake so, ka sa ƙwaya ɗaya ta sinadarin karajinan, wanda ake samu daga ciyawar teku, minti 10 zuwa 15 kafin ƙarshen tafasa, amma kada ka wuce adadin da aka rubuta, domin idan ya yi yawa lakar takan yi sakwa-sakwa ta ƙi kwanciya. Bayan tsimi ya ƙare, ka sa bokitin a firiji a digiri 1 zuwa 3 na kwana biyu ko uku, sannan ka zuƙe giyar daga sama ba tare da ka girgiza shi ba. Yis ɗin da ya rage a cikinta zai ishi kwalba. Hazon da yake bayyana idan kwalba ta yi sanyi ya kuma ɓace idan ta ɗumama, haɗuwar furotin ne da sinadaran ɓawo da na hof, kuma yakan kwanta idan kwalaben suka yi makonni a firiji. Farar giyar alkamarka kuwa ka bar ta da hazonta, haka ake shanta a Bavariya.