Neman shawara: hawan tsauni ta via ferrata a Italiya

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikacin gyaran layin wuta ne a nan Kaduna, kuma wurin aikinmu zai tura ni kwas Bolzano, arewacin Italiya, cikin watan Yuli in Allah ya kai mu. Wanda zai karɓe ni can ya turo mini hotunan tsaunukan Dolomiti: mutane manne a jikin dutse, an kafe musu wayar ƙarfe da matakai da tsani, kowa ya saƙala ƙugiyarsa yana hawa. Ya ce via ferrata ake kiranta, kuma yana so mu hau Marmolada, mai tsawon mita 3,343. Wallahi tun da na ga hotunan raina ya biya. Hawa ba baƙona ba ne, kullum ina kan turken wuta da bel a ƙugu, kuma na sha hawa Kufena a Zariya. Sai dai maiɗakina ta gani ta ce sam ba da yawunta ba. Wanda ya taɓa yi ya taimaka: bel ɗin aikina zai wadatar? Sabon shiga zai iya?

Injiniya Tudun Wada:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ina zaune Innsbruck, ƙasar Ostiriya, kuma ina wannan hawan lokacin bazara. Ka je, abu ne mai daɗi ƙwarai, amma kada ka fara da Marmolada. Ita ce mafi tsawo a Dolomiti, kuma yawanci ta kan daskararriyar ƙanƙara ake saukowa, sai da ƙusoshin takalmi da igiya da wanda ya san wurin. Ranar 3 ga Yulin 2022 wani ɓangare na ƙanƙarar ya ɓalle bayan kwanakin zafi, mutum 11 suka rasu.

Bel ɗinka kuwa bar shi a Kaduna. A kan turke kana jingine ne da shi, ba ka da nisan faɗuwa. A can kuwa ƙugiyarka tana zamewa ne a jikin waya, in ka suɓuce za ka taho har sai ta daki ƙarfen da ke riƙe da wayar a ƙasanka, wani lokaci mita da yawa. Wannan fizgar tana iya karya baya ko tsinka igiya. Shi ya sa kayan hawan suke da ƙugiya biyu haɗe da wata 'yar jaka, a cikinta akwai ɗamara da aka naɗe aka ɗinke. In mutum ya faɗi sai ɗinkin ya riƙa farkewa yana shanye ƙarfin fizgar. Da zarar ta farke ta gama aiki, sai sabuwa. Duk da haka ana jin ciwo, don dutse da matakan ƙarfe suna nan suna jira. Kada ka hau da tunanin in na faɗi waya za ta tare ni.

Inda ake kuskure shi ne wajen tsallake ƙarfen da aka kafe wayar da shi. Ka tsaya da kyau, ka cire ƙugiya ɗaya ka mayar sama, ka ji ta rufe ƙaras, sannan ka taɓa ta biyun. Ko da wayar ta yi sanyi yatsunka sun ƙage, ko na bayanka yana huci, kada ka taɓa cire biyun tare. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe kuma mutum ɗaya tak. Hular kwano dole ce, don na sama yakan turo tsakuwa bai sani ba.

A nan Ostiriya ana jera wahalar hanyoyin daga A, mafi sauƙi, zuwa E. Nemi daidai da A ko B. Ka ce wa abokinka ya kai ka tsaunin Gran Cir mai tsawon mita 2,592, kusa da mashigin Passo Gardena, hanyarsa gajeriya ce mai sauƙi. Kada ka raina ta, ta ɗara Chappal Waddi na Taraba, wanda shi ne mafi tsawo a Nijeriya da mita 2,419. In ka samu dama kuma ka leƙa tsaunin Lagazuoi wajen garin Cortina, ka ga ramukan da sojojin Italiya da na Ostiriya suka haƙa cikin dutse a yaƙin 1915 zuwa 1918. Da yawan hanyoyin nan sawunsu suke bi.

Maman Ilham Barnawa:
Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Kaduna wajen mita 600 take daga teku, jikinka bai saba da iskar sama ba. Ka huta kwanaki kafin ka hau. In ka ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ka sauko kawai. Ka riƙe ruwa da rigar sanyi ko da gari na zafi a ƙasa. Ka kuma duba ko inshorarka ta ɗauki ceto da jirgi mai saukar ungulu. Lambar gaggawa a can 112 ce. Maiɗakinka kuma tana da gaskiya, zaunar da ita ka nuna mata bayanin Injiniya.

Baba Malali:
Yaro, rai amana ce. Ni dai ban ga dole ba. In ka nace, yaya za ka yi da azahar kana rataye a jikin dutse?

Injiniya Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara girma, tambayar ta yi daidai. Bayan asuba ake fita, a sauko kafin azahar, kuma ko Turawan haka suke yi. Da rana ta take hadari yakan haɗu nan da nan kamar na Agusta a Kaduna, ga shi kana ɗaure da wayar ƙarfe a saman tsauni. Mai aikin wuta ya fi ni sanin abin da aradu ke yi wa irin wannan. In hasashen yanayi ya nuna tsawa, ranar ba a fita.

Ɗan Kawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta wa abokin nawa cewa Gran Cir za mu fara, kuma mu ɗauki ɗan jagora. Maiɗakina ta ce sai ta ga kayan a hoto tukuna. Yaya, kayan saye zan yi ko haya?

Injiniya Tudun Wada:
Haya, shagunan kayan hawa a yankin suna bayarwa. Ka duba shekarar da aka ƙera su, ka tabbatar jakar ba ta farke ba. Takalmi da safar hannu kam sayi naka, ka fara yawo da takalmin tun kana Kawo don ya saba da ƙafarka.