Yaya sabuwar ƙungiya ta kai wasan ƙarshe tun a kakarta ta farko?

Sabon Ɗan Kallo:
Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara bibiyar wasan hoki na ƙanƙara ba, kuma wani abu ya ɗaure mini kai game da Coachella Valley Firebirds, wadda ke buga gasar AHL, wato matakin da ke ƙasa da NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada. Ƙungiyar ta fara wasa a kakar 2022-23, a yankin hamada na jihar Kalifoniya, amma ta kai wasan ƙarshe na Kofin Calder, wato kofin zakarun AHL, a wannan kakar, ta sake kaiwa a ta biyu. A ƙwallon ƙafa sabuwar ƙungiya kan sha wuya shekara da shekaru. Ina roƙon masana su fahimtar da ni.

Tsohon Mai Bibiya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sirrin yana cikin tsarin gasar. Ƙungiyar AHL ba daga ƙasa take tasowa ba, reshe ce ta babbar ƙungiya, kuma uwar Firebirds ita ce Seattle Kraken, wadda ta shiga NHL a 2021. Kraken ce ke ɗaukar matasa ta tura su can su goge, ta haɗa su da wasu ƙwararru, sannan ta ba su Dan Bylsma, kocin da ya ci Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da Pittsburgh a 2009.

Duk da haka farkon bai zo da sauƙi ba. Ba a kammala filinsu, Acrisure Arena, ba sai Disamba 2022, don haka sun shafe kusan wata biyu ba su da gida, wasannin da aka kira nasu na gida ma a yankin Seattle aka buga su. 'Yan wasan da ba su san juna ba suka yi ta kwana a otal suna cin abinci tare, kuma a ganina wannan zaman ya haɗa kansu fiye da kowane atisaye.

Mai Son Raga:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ya tsallake mai tsaron raga, Joey Daccord, wanda ya riƙe su a wasannin fitar da gwani na 2023. Har yanzu wasa na bakwai da Hershey Bears, wanda ya raba gardama a jerin wasannin ƙarshe na neman kofin, yana yi mini ciwo: a gidan Firebirds, a ƙarin lokaci, Mike Vecchione na Hershey ya tura faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo cikin raga, aka tashi 3-2. Hershey tana cikin gasar tun 1938, kuma ita ce ta sake doke su a 2024.

Tsohon Mai Bibiya:
Na karɓi gyara, 'yar'uwa, kuma sunan Daccord ya kawo mu ga abin da ke damuna da wannan mataki. Duk wanda ya yi fice, uwar ƙungiya ce ke janye shi. An kira Tye Kartye zuwa Seattle ana tsakiyar wasannin fitar da gwani na 2023, Daccord ya koma can a kaka ta gaba, sannan a 2024 Bylsma da mataimakiyarsa Jessica Campbell suka bi su.

Sabon Ɗan Kallo:
Na gode muku ƙwarai. Zan nemi bidiyon wasa na bakwai ɗin in kalla daga farko.