Me za mu kira “volume” da Hausa?

1/ Ƴan uwa masu aikin Linux, ku taya ni. Shekaranjiya a wani ofis nan Yamai wuta ta ɗauke, da ta dawo sabar, wato babbar kwamfutar ofishin, ta ƙi tashi. Faifan ajiyar bayanai uku ne cikinta, an haɗe su da LVM, tsarin Linux mai haɗa faifai wuri ɗaya a riƙa yanka wurin ajiya daga ciki; abin da aka yanka shi ake kira “volume”. Na ce wa yaron da nike koya wa aiki “volume” ne ya ɓace, sai ya ɗauka ƙarar lasifika nike nufi. Ba laifinsa ba ne, kalmar ce ba tamu ba.

2/ Na buga pvs, umarnin da ke jera faifan da LVM ke gani, faifai biyu suka fito. Na buɗe akwatin, ashe wayar na uku ce ta yi sako-sako, ƙura ta cika bakinta. Na hure, na mayar, na buga vgchange -ay don ta da “volume” ɗin, na bi da fsck don duba lafiyar fayiloli, komi ya dawo. Gyaran bai kai rabin awa ba, bayanin ne ya cinye mana yamma.

3/ Wani ya ba ni shawarar “kundi”. Wannan na littafi ne. Wani ya ce “rumbu”, na so shi, amma in an gina rumbu an gama, alhali wannan abu ana ƙara masa faɗi da umarnin lvextend yana cikin aiki.

4/ Ni gona na tuna. Kowane faifai gona ce, ita ce PV (physical volume) a bakin LVM. In an haɗa gonakin gida ƙarƙashin hannu ɗaya, gandu ke nan, wato VG (volume group). Abin da maigida ya yanka ma mutum daga ciki, LV (logical volume), shi ne gayauna. Har ƴan gutsattsarin da LVM ke rabo da su, masu mega 4 in ba a sauya ba, kunya-kunya ne.

5/ Da na faɗa masa haka, shi da kansa ya ce: “Maigida, ke nan in gayaunata ta ratsa gona biyu, ɗaya ta lalace, na yi asara?” Haka ne. Shi ya sa LVM ba ya maye gurbin RAID (tsarin raba bayani a faifai da dama don kada ya ɓace in ɗaya ya mutu) ko kwafin ajiya. Kuma sunan da Linux ke ba gona na iya sauyawa, sdb ta wayi gari sdc, don haka UUID, lambar shaida wadda ba ta sauyawa haka, ake rubutawa cikin fstab, fayil ɗin da ke jera wuraren ajiyar da za a buɗe in kwamfuta ta tashi.

6/ Gona da gandu na tsaya a kansu. Ta ukun, gayauna, ce ta rage: wajen Maradi na ji ana cewa gamana. Mutanen Tahoua, wace kuke faɗi a Adar? Wadda ta fi yawa a bakinku ita zan sa cikin takardar da nike rubuta wa yaran.