Ɗiyata tana son karatun kiɗa a jami'a: wane shiri za ta fara tun daga sakandare?

Maman Ladi, Jos:
Assalamu alaikum. Ɗiyata tana aji biyar a sakandare, kuma ta tsaya a kan cewa ilimin kiɗa take so ta karanta a jami'a. Tana da murya, tana kuma iya kama waƙa da ji ɗaya, sai dai makarantarsu ba ta da malamin kiɗa, ballantana a yi mata rajistar darasin a WAEC. Ina roƙon masana su nuna mana abin da ya kamata ta fara tun yanzu.

Malamin Kiɗa, Bukuru:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Murya baiwa ce, amma ba ita kaɗai ake aunawa ba. Abin da ke kayar da yaranmu shi ne rubutun kiɗa, wato alamomin da ake jerawa a kan layuka biyar, domin yawancinsu sol-fa (wato do-re-mi) kawai suka sani, ko kuma da kunne suka koya. Sassan kiɗa da dama a jami'o'i suna gwada ɗalibi kafin su ɗauke shi: a sa shi ya rera ko ya kaɗa abin da ya shirya, a buga masa sauti a fiyano ya maimaita, wani lokaci kuma a miƙa masa takardar da bai taɓa gani ba a ce ya karanta. Saboda haka ki samo mata wanda zai koya mata fiyano da ƙa'idojin kiɗa ko da sau biyu ne a mako, kuma a Jos masu jagorantar mawaƙan coci da suka ƙware a wannan ba su da wuyar samu. Idan da hali, ta zauna jarrabawar matakai ta MUSON, ƙungiyar kiɗa da aka kafa a Legas a 1983, ko ta ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, mai matakai takwas; wanda ya ci mataki na biyar a ƙa'idoji zai shiga aji ɗaya na jami'a da ƙafar dama.

Yaya Talatu, Abuja:
Mama, kada kiɗan ya shagaltar da ita daga sauran darussa, domin sai da kiredit biyar, har da Turanci, ake maganar jami'a. A JAMB darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, sauran kuma ku duba kundin JAMB na shekarar da za ta zauna, tunda sharuɗɗan Nsukka, inda aka buɗe sashen kiɗa tun 1961, ba lallai ne su zo daidai da na Ile-Ife ba. Wanda bai samu gurbi ba yana iya yin NCE ta shekara uku a fannin kiɗa, sannan ya shiga jami'a daga aji biyu.

Baba Mai Goge, Gangare:
Ina tare da Malam, amma ina ganin ya fifita fiyano fiye da kima. A jami'a ana karanta kiɗan Afirka a matsayin darasi mai zaman kansa, kuma yarinyar da ta san yadda kalangu ke bin hawa da saukar maganar Hausa, ko ta iya riƙe gurmi, tana da abin da 'yan ajinta za su zo nema a wurinta. Ta haɗa biyun. Hajiya, ki kuma zauna da mahaifinta da baffanninta tun da wuri, domin har yanzu akwai gidajen da ba su raba karatun kiɗa da roƙo.